Wata a waya tana neman ƙwace mini 'yar fari

Na kai mata kunun gyaɗa ɗaki, sai na tarar tana kuka, waya a hannu. 'Yata ta fari ce, ma'aikaciyar gwamnati, ta zo mana yini nan Garki daga gidan mijinta. A cikin wayar wata mata ce ke lallashinta, tana kiran sunanta gatsau, sunan da ni ban taɓa furtawa ba saboda alkunya.

Da suka gama na ce, "Ke, wace ce wannan?"

"Mama, mai ba da shawara ce ta intanet. Damuwar ofis da ta gida nake gaya mata."

"Ni mutuwa na yi? Sirrin aurenki za ki kwashe ki miƙa wa baƙuwa?"

Ta sunkuyar da kai. "Mama, da na fara magana sai ki ce in yi haƙuri, ki tashi. Ita tana bari in kai ƙarshe."

Wallahi kishi ya turnuƙe ni. Ni na goya ta, ni na yi jinyarta da ta yi ƙyanda, amma hawayenta wata ake kai wa. Alkunya ba ƙiyayya ba ce, tarbiyya ce, kuma har gobe sirrin gida ba na waya ba ne.

Na ajiye kofin, na zauna a bakin gado. Na ce, "Abin da kika gaya mata, maimaita mini daga farko."

Har kunun ya huce ban tashi ba.

Iyaye mata, ku gaya mini gaskiya: taku 'yar farin, wa take kai wa kukanta?