Wasiƙar Maƙwabcina da Madugun Adawar Ƙasarsu

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwarmu ta Tompkinsville da ke New York, ni da maƙwabcina, wani dattijo Bature Musulmi da muke sahu ɗaya a masallaci. Asalinsa daga wata ƙaramar ƙasa ce ta gabashin Turai, wadda ta daɗe a ƙarƙashin mulkin kwaminisanci. Ɗansa malamin makaranta ne a can gida, an kama shi wajen zanga-zangar 'yan adawa, har yanzu yana tsare ba a kai shi kotu ba. Dattijon ya ji madugun adawar ƙasarsu ya zo New York zai yi jawabi, sai ya rubuta masa wasiƙa da hannunsa, ya roƙe ni in raka shi.

A tashar St. George muka shiga jirgin ruwa. Kyauta ne, kuma a garin nan shi kaɗai na sani da ba ya tambayar aljihunka. Ma'aikata cike, kowa da kofin kofi, wasu 'yan Ghana masu aikin jinyar tsofaffi suna gyangyaɗi da rigunan aiki. Dattijon bai kalli ruwa ko sau ɗaya ba, hannunsa na kan aljihun kwat inda wasiƙar take.

Da muka sauka muka biya titin Canal Street wajen wani ɗan Nijar abokina mai sayar da jakunkuna, ya ba mu shayi da burodi da ƙwai. Da na ba shi labari sai ya ƙare wa babbar rigata kallo, ya ce, "Malam, da wannan shiga ai kai za su ɗauka madugun." Muka yi dariya. Ban san rabin gaskiya ya faɗa ba.

Taron a wani dogon bene ake yi, wata gidauniya ta Turawan nan ce ta shirya. A bakin titi 'yan ƙasar sun rabu biyu, masu goyon bayan gwamnati can, 'yan adawa nan. Abin da ya fara ɓata min rai shi ne allunan da suke ɗagawa. Duka da Turanci, babu ko ɗaya da harshensu. Na tambayi dattijon wa ake son ya karanta, ya nuna min masu kyamara da haɓarsa.

A ƙofa wata baiwar Allah da jerin sunaye ta ce sunansa ba ya ciki. Ya nuna fasfo, ya nuna hoton ɗansa, ta ce ya yi haƙuri, sai wanda aka gayyata. Sannan ta juyo ta ga rigata da hulata, fuskarta ta washe. Ta ce suna son wakilci daga Afirka, in shigo, akwai kujera a gaba. Innalillahi. Mai ƙasa a waje, ni da ban iya nuna ta a taswira ba sai an taimake ni, ni ne za a zaunar a gaba. Na so in juya, dattijon ya damƙa min wasiƙar. "Shiga, ɗan'uwana. Ka sa a hannunsa, kada ka ba kowa."

Awa biyu na zauna. Madugun yana da Turanci mai daɗi, ya gode wa gidauniya, ya gode wa abokan hulɗa, ya gode wa wasu jakadu. Wani farfesa da bai taɓa kwana a kurkukun kowa ba ya bayyana abin da talakawan ƙasar suke so. Wani ya ce wata babbar ƙasa ce ke juya gwamnatinsu, aka tafa. Ba wanda ya tambayi wa ke juya wannan ɗakin. Sau uku aka ɗauke ni hoto.

Da aka tashi na kutsa. Wani mai ba shi shawara, ba ɗan ƙasarsu ba ne, ya tare ni, ya duba wasiƙar, ya ce ko akwai ta Turanci. Na ce ɗan ƙasar aka rubuto wa, ba kai ba. Na miƙa hannu ta gefensa na sa ta a tafin madugun. Ya karanta layukan farko, murmushin ya gushe. Ya faɗi wata magana a hankali da harshensu, kamar ya manta ba na ji. Na ce ya maimaita. Na ciro alƙalami na rubuta sautinta da ajami a bayan takardar taron, yadda malaminmu ya koya mana kama lafazi da wasali. Ya mayar min da wasiƙar, aka janye shi wajen liyafa.

Sai da muka yi azahar a wani masallaci na kusa, muka shiga jirgin komawa, sannan na karanta wa dattijon abin da na rubuta. Ya sa na sake, ya gyara min harafi ɗaya. Sannan ya fassara: "Ka ce wa uban ya kai wa jakadan ƙasar waje. Maganarsa ake ji a gida, ba tawa ba."

Mun iso gida kafin la'asar, alhamdulillahi. Abin da na koyo shi ne, wanda ya dogara da baƙi su tsaya masa, wata rana mutanensa ma sai ta hannun baƙi za su same shi. Na yi fushi da madugun, amma ban ce ya yi ƙarya ba.

Da safe dattijon ya ƙwanƙwasa min ƙofa da wasiƙar da farar takarda. Jikarsa za ta juya ta zuwa Turanci, yana tambaya ko na san yadda ake buɗe wa jakada gaisuwa. Allah ya fito masa da ɗansa.