Sunan da Baffa Ya Hana a Kira

Shekarun baya, ranar sunan 'yata ta fari, na yi abin da har yau wasu a danginmu suke kira rashin kunya. Watan jiya da muka yi rashin baffana, ƙanen mahaifinmu, abin ya dawo mini sabo fil. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin da bakina, kafin wani ya riga ni ya ba ku shi a karkace.

Dole in fara da yayata. Mahaifiyarmu ta rasu ina rarrafe, yayata ce ta goya ni, ita na buɗe ido na gani a matsayin uwa. An yi mata aure a Gehuru, suka zauna lafiya da mijinta, sai dai Allah bai ba su haihuwa ba har ya rasu. Da ta fita takaba, Baffa ya ce ta dawo gida Maiyama ta zauna har wani mijin ya fito. A lokacin shi ne babba a gidanmu, don mahaifinmu ma ya riga mu gidan gaskiya. Ta dawo, ta yi damina ɗaya tana jiran a auno mata hatsi kamar baƙuwa. Da kaka ta yi, sai ta ɗaure tukwanenta a bayan mota ta nufi Jega.

A bakin tasha ta kafa rumfa, kusa da inda ake lodin albasa. Tuwon shinkafa da miyar sure take sayarwa, ranar kasuwa kuma ta ƙara da dafa-duka. Direbobi, 'yan dako, mahauta, masu kabu-kabu, duk a wurinta suke ci. Ga ta da baki, in ka taɓa ta sai ka ji a jikinka, in kuma ta yi dariya har tsallaken titi ana ji. In an kira salla ta bar wa maƙwabciyarta ludayi ta shige bayan zana da butarta. Matan Fulani masu tallar nono a rumfarta suke ajiye ƙorai su huta, ta iya musu Fillanci tsaf, har faɗa suke yi da ita a ciki.

To amma ku kun san mutanenmu. Mace ba miji, tana zaune a tasha cikin maza, ai an gama yanke mata hukunci tun kafin ta hura wuta. Magana ta yi ta zuwa Maiyama, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Ran nan Baffa ya tara mu a zaure ya ce, "Ta zaɓi tasha, ta zauna can. Sunanta kuwa kar in ƙara jin shi cikin gidan ga." Haka aka yi. In maganarta ta kama dole, sai a ce "waccan ta Jega".

Ni fa ina wurin, kuma ko tari ban yi ba. Wanda ya san ni ya san ba ni da zafi. Ni ne mutumin da mai shayi zai zuba wa gishiri a maimakon sukari, in shanye in ce masa an gode. Gaban Baffa kuwa ko zama ba na iya yi daidai, sai in ji duk ƙafafuna sun yi mini yawa.

Amma ban daina zuwa wurinta ba. Da na fara harkar albasa a Aliero, duk ranar kasuwar Jega sai na biya. Na ga ɗakin da take haya, cikin gidan wata tsohuwa da suke kwana tare. Na ga tafin hannunta yadda wuta ta cinye shi. Wata rana na ce mata, "Yaya, ba ki jin abin da ake faɗa?" Ta tura mini kwano ta ce, "Ci abinka. Su da ka magana, wa yat taɓa aiko man da ko tiya guda? Ni da Allah mun san abin da ni ka yi." Ta juya ta hau wani ɗan dako da faɗa don ya sa hannu a kwano bai wanke ba.

Ranar wata kasuwa ta faɗi a gaban murhu. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na je na tarar da jama'a har motoci sun kasa wucewa. Mahauta sun bar nama a kan tebur, direbobi sun kashe mota da kaya a kai, matan nono sun zauna a ƙasa suna kuka. Baffa ya zo jana'iza, ba zan yi masa ƙarya ba, ya tsaya a sahun baya. Da aka dawo daga maƙabarta na durƙusa na tambaye shi ko za a yi zaman makoki a gida. Ya ce, "Ƙasa ta ruhe mata asiri, mu ma a ruhe muna namu." Ya hau mota ya tafi. A rumfarta na karɓi gaisuwa, ni da mutanen tasha.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba. Rumfar ma kafin wata ya zagayo wata mata ta karɓe ta. Na duba na ga nan da 'yan shekaru babu wanda zai san an taɓa yin ta a gidanmu.

A lokacin matata tana da tsohon ciki, ta tafi gidan iyayenta a Aliero kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ba a daɗe ba ta sauka, mace. Da aka miƙo mini jaririyar na yi mata kiran salla a kunne, sai kawai na ji bakina ya raɗa mata sunan yayata. Matata ta ji. Ta dube ni ta ce, "Ka san abin da kat tono kuwa?" Na ce na sani. Ta ce, "Kai ɗin? Kai da Baffa ka tari ka ce na'am?" Muka yi dariya, amma ta ce in dai zan iya tsayawa, ita ta yarda, don ba ta manta miyar da Yaya ta riƙa aiko mata lokacin laulayi ba.

Ga inda gizo yake saƙa. A al'adarmu ɗan fari ba na ubansa ba ne, na manya ne. Babban gida shi ke zaɓar suna, shi ke raɗa wa liman. Uba kuwa ɓuya yake yi ranar suna saboda kunya, ba a ganin ko ƙeyarsa sai an watse. Kuma tuni Baffa ya aiko cewa sunan mahaifiyarsa za a sa, wato kakarmu.

Ranar suna bayan asuba ina shagon abokina a bakin kasuwar albasa, inda aka shirya zan ɓuya. Ya haɗa mini shayi na kasa sha. Ya ce, "In za ka, tashi. In ba za ka ba, ka daina girgiza man benci." Na ce ya tada babur.

Mun isa ƙofar gidan surukina an shimfiɗa tabarmi, an cika. Ga Baffa da tawagarsa daga Maiyama, ga rago a ɗaure, ana raba goro da dabino. Ina sauka kowa ya juyo yana kallona. Wani tsoho ya ce, "A'a! Uban ɗiya na? Yau mun ga abu." Wallahi garin sauri har takalmina ɗaya ya fita na bar shi a nan. Na ratsa mutane da takalmi ɗaya, na durƙusa gaban liman daidai lokacin da Baffa ya sunkuya zai yi masa raɗa.

Na ce, "Allah gafarta malam, yarinya tana da suna. Na yi mata huɗuba da shi tun ranar da ta zo." Na faɗi sunan. A rayuwata ban taɓa furta shi a fili ba, Yaya nake ce mata, sai da harshena ya sarƙe na sake maimaitawa. Na biyun ya fita da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya, har mata suka ji daga cikin gida.

Baffa ya ɗago ya ce, "Mi kac ce?"

Na ce, "Baffa, sunan Yaya."

Ya ce, "Sunan uwata za ka ture, ka ɗauko na 'yar tasha? Gaban surukanka? Ba ka da kunya?"

Ban san inda maganar ta fito ba. Na ce, "Baffa, kaka tana da takwara huɗu a gidanmu, Allah Ya jiƙanta. Yaya ba ta da ko ɗaya. Ita ta goya ni. Na shiga ɗakinta, na ci tuwonta, ban taɓa ganin abin kunya ba sai wahala. Duk wanda ya ga wani abu da idonsa, ga malam ga jama'a, ya tashi ya faɗa yanzu."

Na jira. Na bi fuskokin mutanen Maiyama ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda na san su suka fi kowa yawo da maganar. Kowa ya sami abin kallo a cikin goronsa.

Liman ya gyara murya ya ce shi dai abin da ya sani, suna haƙƙin uba ne, kuma wannan suna ne mai kyau, na mutanen kirki. Ya dubi Baffa ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri." Ya ɗaga hannu aka yi fatiha, aka yanka rago da sunan. Baffa bai tsaya an shafa ba. Ya kaɗe rigarsa ya nufi mota, rabin tawagarsa suka bi shi, sauran suka tsaya saboda waina.

Da yamma gwaggonnina suka zo da sulhu. Suka ce tunda abin ya riga ya faru, a sa wa yarinya laƙabi kamar yadda ake yi wa mai sunan manya, a riƙa ce mata Ummi, kowa ya huta. Na ce a'a. Na san abin da ake nufi, so ake a binne sunan karo na biyu. Na ce da sunanta za a kira ta, ni ma da shi zan kira ta, kunyar 'yar fari kuwa na yafe. Wata gwaggo ta riƙe haɓa ta ce albasa ta taɓa mini ƙwaƙwalwa.

Baffa ya yi kusan shekara biyu ba ya amsa gaisuwata. Ban fasa zuwa ba. Duk salla sai na je na durƙusa, ya kalli bango, in gama in tashi. Daga baya ya fara amsawa da "lahiya" guda ɗaya. Yarinyar kuwa ya so ta, wannan ba zan ɓoye ba. Yakan ajiye mata rake da gyaɗa, ta hau cinyarsa ta ja masa gemu. Amma har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunanta ba. "Ke yarinya" yake cewa.

Kada wani ya karanta wannan ya zagi baffana, ba zan lamunta ba. Mutum ne da ya riƙe marayun gidanmu bai ci ko taƙi ɗaya na gonarmu ba. Shekarar da gero ya ƙi, rumbunsa ya buɗe wa unguwa. In shanu suka shiga gonar wani, shi ake kira, manomi da makiyayi duk su tashi sun yarda. Na yi kukan rashinsa da gaske, Allah Ya gafarta masa. Amma a kan yayata bai yi daidai ba. Na faɗa yana da rai, kuma mutuwarsa ba ta sa na canza ba.

Abin da na gane shi ne, mamaci ba ya iya tashi ya kare kansa. In an yi masa ƙarya, tana nan zaune sai wani mai rai ya tashi ya ce ba haka ba ne. Mun iya jera alherin wanda ya mutu da rawani, amma wadda ta mutu da ludayi a hannu sai mu ce a yi shiru, wai rufin asiri. Ni ban ga asirin da aka rufa ba.

A zaman makokin Baffa wani dattijo ya matso kusa da ni ya ce, "Yanzu dai ka yi nadamar abin da kay yi mai ko?" Na ce masa ko gobe aka sake haifa mini ita, sunan zan sa.

Muna cikin haka aka fara fito da abincin baƙi. 'Yata ta zama budurwa yanzu, kuma duk gidan babu mai hannunta a tuwo, ita aka bar wa madafa. Sai ga wata gwaggo ta leƙo tana ƙwala mata kira ta kawo miya. Wani daga zaure ya ɗauka, yara suka ɗauka. Har aka tashi makokin nan sunan yayata ake kira a gidan, daga zaure zuwa madafa, da bakin mutanen da suka yi shekaru suna cewa "waccan ta Jega". Ina zaune a kan tabarmar Baffa ina ji, kuma duk kiran da aka yi sai an amsa.

Allah Ya jiƙansu su duka biyun, Ya jiƙan naku.