Audugar Rimi a Gwiwar Aulis

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, baƙinmu da farinmu.

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris na 1989, ina zaune a ɗakin gyara na filin ƙanƙara a nan Lyon, da basilla a hannuna, aka ce ana kirana a waya daga Paris. Alhaji Illiassou ne, mutumin garinmu mai kanti a Belleville. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, nan na san ba lafiya. Ya ce, "Maazou, sai haƙuri. Baturenka ya rasu yau da safe."

Aulis Vehkasalo, mutumin ƙasar Finland, mai tsaron raga a wasan hoki na ƙanƙara, ya bar duniya yana da shekara talatin da takwas. Kwana huɗu kafin nan an yi masa aiki na uku a gwiwarsa ta hagu, sai jini ya daskare ya toshe masa huhu. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, wa'adi ne ya cika. Amma wannan gwiwa ina da hannu a cikinta, kuma shekara huɗu ke nan ina ɓoyewa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, yau zan faɗa.

Aulis, da kai nake magana, ko da yake da kana raye da ka ɗaga mini hannu ka ce ya isa.

Ni baduku ne ɗan baduku daga Damagaram. Na zo Faransa na yi shekara huɗu a wata masana'anta ta Vénissieux, aka rage ma'aikata, na koma shara a filin ƙanƙara. Takardar zamana a ƙasar nan da aikin take rataye, ranar da aiki ya tafi ita ma ta tafi. A wannan shekarar, 1981, ka sauka Lyon. Ka riga ka tsare raga shekara tara a garinku na arewa, inda aka ce rana kan yi wata biyu tana leƙe kawai. Ƙungiyarku ta kawo yaro ta ajiye ka a benci, kai kuwa ba ka iya zama ba, sai ka ɗauko jakarka da matarka Marjatta da ƴarka Sanna, ka zo ƙasar da ba ka jin yarenta.

Ƴan'uwana da za su karanta wannan a gida ba su san wasan ba. Mutane ne ke gudu a kan ƙanƙara da takalma masu ƙarfe a ƙasa, suna dukan wani faifan baƙar roba da sanduna. Faɗinsa bai wuce murfin gwangwani ba, amma idan ya daskare dutse ne, kuma yana tafiya fiye da mota a kan babbar hanya. Kowa kauce masa yake yi, sai mutum ɗaya da aikinsa shi ne ya sa jikinsa a gaba. Kai ne wannan mutumin. Ranar da na fara ganinka a raga na ce a raina, wannan ko dai jarumi ne ko kuwa ba shi da hankali, har yau ban gama yanke hukunci ba.

Wata rana ka same ni ina ɗinke wa direban motar share ƙanƙara takalminsa. Ka tsaya a kaina ka fi minti biyar kana kallon ɗinkina, har na fara jin haushi. Ka tafi ka dawo da safar hannunka ta kama faifai, ta yage a tsakanin yatsu, ka ajiye mini. Na ɗinke ta da ɗinkin da ubana ya koya mini. Bayan sati biyu ka shiga ofishin shugaban ƙungiya da Faransancinka mai kama da sarar itace, ka ce ba wanda zai ƙara taɓa kayanka sai ni. Haka na ajiye tsintsiya na zama mai gyaran kayan ƴan wasa, da ɗakina da makullina.

Ban taɓa ganin mutum mai rowar magana irinka ba. Ni in yi maka ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina sanyi, kai kuwa ka gyaɗa kai sau ɗaya ka ga ka gama. Sai da na shekara ina fama kafin ka koyi "lahiya lau", kuma da ita kake amsa komai, har ranar da aka zubar maka da haƙori biyu. Amma idan lokacin salla ya yi ina ɗakin gyara, ƴan wasa na ta shige da fice da ihunsu, sai ka jawo kujera ka zauna a bakin ƙofa da dukan kayanka, ba mai wucewa sai na sallame. Ban roƙe ka ba. Da matata Rékia ta iso a tsakiyar hunturu da zanenta da ɗan mayafi, kai da Marjatta kuka hau benenmu na unguwar Minguettes har hawa na goma sha biyu da ƙafa, don injin hawa ya lalace, ɗauke da kwat da safar ulu. Ranar sunan ƴata Halimatou ka zauna a ƙasa cikin mutanenmu, ka ci tuwo da hannu, yaji ya sa ka hawaye, aka yi ta yi maka dariya, kai kuma ka miƙa kwano aka ƙara maka.

A raga kuwa, Lyon ba ta ga irinka ba. Ƙungiyar da kowa ke zuwa ya ɗebi ci kamar a gonar da ba mai ita, ka mai da ita wadda ake shakka. Ina nan a Paris a watan Janairu na 1984, ranar da aka buga maka faifai sau hamsin da ɗaya, ɗaya tak ya shiga. Ƴan kallon can da suka wuni suna zaginka, su suka miƙe suna tafa maka. Ka fito ka zauna, na cire maka kaya, jikinka duk shaidar duka, ka ce mini, "Wancan ɗayan laifina ne." Kai, Aulis!

A ƙarshen wannan shekarar wasiƙa ta zo daga ƙasarku. Wata babbar ƙungiya ta ce idan ka kammala kakar wasa lafiya za ta ɗauke ka. Shekarunka talatin da uku, ka san ita ce dama ta ƙarshe ta komawa gida da kanka a sama, kuma Marjatta ta fara ɗaure kaya tun kafin a ce mata. Matsala ɗaya ce. Garkuwar ƙafarka, wato manyan matasan fata da mai tsaron raga ke ɗaurawa daga idon sawu zuwa cinya, da gashin barewa ake cusa su. Gashin yana shan ruwan ƙanƙara, kafin a kai ƙarshen wasa kowace ta yi nauyin tulu, ƙafarka ta daina tashi da wuri. Ka fara shan ci a mintunan ƙarshe, abin yana cin ranka.

Ni na kawo shawara. Na ce a ƙasarmu akwai audugar rimi, ba ta da nauyi, ba ta shan ruwa. Ka tambaye ni, "Ka tabbata?" Na ce kakana da ita yake cusa lifidi, rigar yaƙin da kibiya ba ta hudawa, balle wani ɗan faifan roba. Na faɗa da alfahari, ina bugun ƙirji. Dokar ƙungiya ta hana a canza kayan kariya ba tare da sanin likitanta ba, na sani sarai. Alhaji Illiassou ya sa aka zo mini da buhu guda daga gida, na farke garkuwar, na zubar da gashin, na cusa auduga.

Wata biyu kana tashi kamar yaro. Wasa uku a jere ba a ci ka ba. Ni kuwa ina yawo a filin kamar ni na ƙirƙiro wasan.

Abin da na sani ban faɗa maka ba shi ne, kakana gida-gida yake ɗinke audugar, don kada ta gangara ta taru wuri ɗaya. Ni na yi sauri, na tsallake wannan. Ranar Laraba na shafa garkuwar hagu na ji wajen gwiwa ya lotsa, audugar ta sauka ƙasa, ba komai a wurin sai fata. Na ji da yatsuna, Aulis. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai takalma ashirin a gabana suna jiran in wasa musu ƙarfe, sai na ce bari a wuce wasan Asabar, Litinin in farke in gyara.

Asabar ɗin ita ce tara ga Fabrairu, 1985. Ana cikin kashi na biyu na wasa, wani ɗan baya ya sako faifai da dukan ƙarfinsa, ka durƙusa ka tare kamar kullum. Ina tsaye a bakin katanga na ji ƙarar, ba irin ta fata ba ce. Ba ka yi ihu ba. Ka kife a kan faifan don kada ya shiga, sai da alƙalin wasa ya busa sannan ka kwanta. Ƙoƙon gwiwarka ya fashe gida biyar.

Kwana uku bayan haka shugaban ƙungiya ya kira ni zuwa asibiti. Ya zo da garkuwar a farke, ya ajiye ta a ƙarshen gadonka, auduga tana tashi a ɗakin. Ya dube ni ya ce, "Wa ya sa wannan?" Sauran wata biyu a sabunta mini takardar zama, Rékia tana da ciki na biyu. Kafin in buɗe baki ka ce, "Ni ne. Na sayi matashin kai na farke na cusa a gida. Maazou bai sani ba." Ka faɗa kana kallon silin. Shugaba ya yi ta faɗa, ya kira ka wawa a gaban matarka, ka yi shiru. Ni ma na yi shiru, kuma shirun nan nawa ba irin naka ba ne.

Da na fito, Marjatta ta biyo ni, idonta ya yi ja. Ta ce, "Maazou, kai da ka san aikin nan, me ya sa bai tambaye ka ba?" Na ce, "Ban sani ba, madam." Wallahi haka na ce mata, na sauka na hau bas na tafi gida.

Daga ranar ba ka ƙara tsayawa a raga ba. Ƙungiyar ƙasarku ta ɗauki wani, ta Lyon ba ta sabunta kwantiraginka ba. Jarida ta rubuta cewa gwanin mai tsaron raga ya kashe sana'arsa da wauta. Marjatta ta kwance kayan da ta ɗaure, kuma Rékia ta gaya mini ta yi wata da watanni ba ta yi maka magana sai ta dole. Ni aka sabunta mini takarda ta shekara goma. Kuka koma Paris, kana washin takalma a wani kanti kusa da Belleville, da yamma kana koya wa masu tsaron raga na wata ƙaramar ƙungiya, kana tsaye a gefe da sanda don ba ka iya hawa ƙanƙara. Alhaji Illiassou ya ce kakan biyo kantinsa ka sayi yaji, ka ce masa "lahiya lau", ka tambayi Halimatou.

Sau ɗaya na zo. A bazarar 1987 muka zauna a wani ɗan gidan abinci, na ga yadda kake miƙe ƙafar a ƙarƙashin tebur kana cije leɓe. Na tattara ƙarfina na ce, "Aulis, maganar garkuwar nan." Ka ɗaga hannunka na hagu kamar za ka kama faifai, ka ce, "Wanda ya shiga raga ya shiga. Ci abincinka." Na ci. Kunyar da ta fi damuna ita ce na ji daɗi da ka hana ni, don ko a ranar ban yi niyyar gaya maka zancen Laraba ba. Ka mutu kana tsammanin kuskure ne kawai ka rufa mini, ba ka san na ji ramin da hannuna na bar shi ba. Da na sani ƙeya ce, kullum a baya take.

Addininmu ba ɗaya ba ne, kuma ni ba malami ba ne, ba zan shiga abin da ban sani ba. Abin da na sani shi ne Wanda Ya halicce ni Shi Ya halicce ka, ba Ya zaluntar kowa daidai da ƙwayar zarra, kuma Ya ga abin da ka yi a kan gadon nan. Gare Shi na bar ka. Ina shaida a gabanSa cewa ka tsare mini salla, ka tufatar da matata, ka rufa mini asiri da naka mutuncin. Ni kuma ina roƙonSa Ya gafarta mini, Ya sa in cika da imani, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu.

Ina miƙa ta'aziyyata da ta Rékia ga mahaifiyarka da ke can arewa, wadda ta jira ka dawo da ƙafarka aka kai mata gawarka a akwati. Allah Ya ba ta haƙuri. Ina yi wa Sanna ta'aziyya, Allah Ya raya ta, Ya tsare ta. Sanna, duk wanda ya ce miki ubanki wauta ta kashe masa sana'a, ƙarya yake yi.

Na ba Abdourahamane, maƙwabcina malamin makaranta, wannan takarda ya juya ta da Faransanci. Kwafi ɗaya zan kai wa shugaban ƙungiya da hannuna ranar Litinin, in ajiye masa makullin ɗakin gyara a kai, abin da zai yi ya yi. Ɗayan naki ne, Marjatta. Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya ba ki juriyar wannan rashi. Ba na roƙon ki yafe mini, wannan yana hannunki. Amma kin yi shekara huɗu kina fushi da mijinki a kan abin da bai yi ba. Bai taɓa sa allura a garkuwar nan ba, ko zare bai iya zurawa ba. Ni na cusa audugar, ni na ga ta gangara, ni na ce sai Litinin.

Maazou Baduku, Vénissieux.