Birkin Baba da Musabaƙar Shinkafi

Ranar wata Juma'a cikin watan Sha'aban, shekarar da nake aji biyar na firamare, na dawo ɗiban ruwa na tarar da akori-kurar Babanmu a ƙofar gida an ɗage ta bisa jak da bulo, tayoyin baya jingine da bango, shi kuwa ƙafafunsa kaɗai ake gani a ƙarƙashi. Washegari za a yi musabaƙar karatun Alƙur'ani a Shinkafi, ni Islamiyyarmu ta Kaura ta zaɓa a izu biyar, kuma a wannan motar Baba ya rantse zai kai ni, wai ɗiyarsa ba za ta matsu a bas ɗin makaranta ba.

Ni kaɗai na san wahalar da na sha kan karatun nan. Ina surfe ina tilawa, ina wanke-wanke ina tilawa, ina dama wa awaki dusa bakina bai tsaya ba. 'Yar gala-gala da carafke duk na bar wa ƙawayena. Baba kuwa hatsi yake saye da sayarwa, bai taɓa koyon kanikanci ba, sau ɗaya dai ya tsaya a gareji ya ga ana sauya birki, shi ke nan ya zama gwani, ya ce da kansa zai sauya na motarsa. "Mi bakanike ya sani wanda ban sani ba? Ba noti ne a kwance a ɗaure ba?" Haka yake faɗa wa duk wanda ya tsaya yi masa sannu.

Da ya mayar da tayoyi ya taka birkin, sai ƙafarsa ta nutse har ƙasa kamar ya taka ɓawon ayaba. Ya ce iska ce ta shiga, sai an fitar da ita. Yayyena sun sulale filin ƙwallo, don haka ni aka ɗora a kujerar direba da matashi a bayana, ina taka birki ina riƙewa, shi yana kwance wani ɗan noti a ƙasa mai yana tsiyaya. Na taka har cinyata ta sage. Can sai Inna ta leƙo daga zaure neman farantinta da ya ɗauka ya zuba ƙarafa, ta ga wata waya mai murɗe-murɗe a ciki, ta ce, "Malam, wannan fa?" Ya duba ya ce ƙari ce masu motar suka sa. Ƙari! Wallahi sai da aka sake kwance tayar dungum aka mayar da ita. Inna ta roƙe shi ya bar ni in bi bas, ya ce ta koma ciki, mata ba su san mota ba.

Da safe bas ta tsaya a bakin layinmu tana oda, malamarmu tana ɗago mini hannu, Baba ya yi musu alama su wuce, ai kafin su kai mun kai. Da yake birkin bai gama kamawa yadda yake so ba, sai ya sake shiga ƙarƙashi ya ɗaure shi tamau. Mun bar Kaura da ɗan nisa motar ta fara nishi kamar jakin da aka yi wa lodi, wani wari na ƙonanniyar roba ya cika mu, sai ga hayaƙi daga tayar baya. Birkin ya kama ya ƙi saki. Wasu manoma suka kawo ruwa a guga aka watsa, ƙarfen ya yi cuu, Baba ya taɓa ya ƙone yatsa, dole aka zauna jiran ya huce. Ga ni da sabon hijabi a gindin marke, rana tana ta hawa, duk motar da ta wuce sai ya ce, "Yi haƙuri, Uwata, saura kaɗan." Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana. Da inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafafuna na san an riga an kira sunana a Shinkafi, na fashe da kuka.

Ya sake shiga ƙarƙashin motar da sifanar kwance noti, can na ji muryarsa ƙasa-ƙasa: "Uwata, ja mini abin da za ki karanta musu." Don haushi na ja, da majina da hawaye, da ƙarfi kamar ina faɗa. Manoman suka dawo suka tsuguna, wata mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta. Ƙarar sifanar ta tsaya cak. Da na kai aya ya fito, fuska duk baƙin mai, ya dube ni ya ce, "Ashe haka kika iya ban sani ba?" Muka juyo gida a hankali, na daɗe ina gaba da shi.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake, don ba a sake zaɓata ba, kuma Baba bai taɓa yarda laifinsa ne ba, kullum cewa yake jabun kaya aka sayar masa. Amma a lokacin mutum zai wuni a bakin hanyar nan da ƙaramar yarinya, ba abin da zai same shi sai ruwan sha daga hannun baƙi. Yanzu ko tayarka ta fashe ba ka yarda ka tsaya don tsoron 'yan bindiga, sai addu'a da gudu. Baba ya rasu, motar an sayar wa 'yan gwangwan. Da za a mayar mini da shi ƙarƙashinta, da na zauna na karanta masa har magariba.