Faten Dankalin da Kakana Ya Sha

Jiya ina soya albasa a man shanu, ƙamshin ya tuno mini da kakana. Shekarar da aka ba mu jiha muka dawo da shi Gwaram daga asibiti, ba haƙori a bakinsa, kwana uku ya ƙi abinci. Na dafa dankalin turawa ya yi luguf, na dama shi da madarar shanu mai ɗumi, na zuba albasar da na soya a man shanu.

Ya leƙa kwanon, ya tsokane ni da wasan jika yadda ya saba: "Amarya, madara a fate? Sakinki zan yi."

Na ce, "To angona, sha tukuna."

Ya shanye, ya suɗe kwanon da yatsa. "Na fasa. Da saura?"

Allah ya jiƙansa, ya shayar da shi daga ƙoramun Aljanna.