Ruwan Sanyin da Na Zuba wa Motar Alhaji

Sai da furfura ta fito mini na koyi riƙe alƙalami, kuma abin da na fara so in rubuta shi ne ranar da na kashe motar Alhaji da hannuna. Ranar nan ba za ta bar zuciyata ba har in koma ga Allah.

Lokacin Faransawa ba su tafi ba tukuna. Ina tuƙa wa Alhaji, wani dattijo ɗan kasuwar goro a unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangi, tsohuwar babbar motarsa, wadda mu a nan muke kira kamiyo. Shi ya ɗauke ni aiki sa'ad da ban san kowa a Bangi ba, kuma bai taɓa kirana direba ba, sai dai ɗana.

Mun kai kaya Bosambele, zazzaɓi mai zafi ya kama shi. Kwana biyu bai ci abinci ba. Da safe na ɗora shi a gaban mota, na jiƙa rawaninsa na sa masa a goshi, muka kamo hanyar gida. Ya ce, "Ɗana, ka kai ni asibiti. In kuma ban kai ba, ka kai ni masallacinmu na Kuduku, mutanena su yi mini salla."

Na ce, "Baba, kafin la'asar kana hannun likita."

Mun wuce Bowali, rana ta take, sai na ga allurar zafi ta hau har ƙarshe. Na gan ta sarai, na ƙara wuta. Ba mu yi nisa ba tururi ya turnuƙe daga gaban mota, lagireto yana tafasa kamar tukunya. Dole na tsaya kusa da wani ƙauye a bakin rafi.

Alhaji ya buɗe ido ya ce, "Ashe mu biyu ne majinyatan. Sai dai ita ta fi ni kwakwazo." Ya yi ɗan murmushi. "Bar ta ta huce, ɗana."

"Baba, ba mu da lokaci."

"Lokacin ba naka ba ne. Zauna."

Ban zauna ba. A tunanina na lokacin, yadda ruwan sanyi yake sauƙaƙa wa Alhaji zafin goshi, haka zai yi wa inji. Na naɗe hannu da buhu na kwance murfin lagireto, ruwan zafi ya yi tsiri sama, Allah ya tsare fuskata. Na ɗebo bokiti a rafi, ruwa mai sanyi ƙalau. Wata tsohuwa da ke wanke rogo ta dube ni ta ce da harshen Sango, "Yeke yeke," wato a hankali. Ko waiwayarta ban yi ba. Na cika lagireto, ragowar na sheƙa a kan injin.

Na ji wata ƙara, ƙas, ba mai ƙarfi ba, kamar an taka busasshen kara. Har yau ina jin ta. Na murɗa hannun tayar da mota har kafaɗata ta mutu. Ta yi tari sau biyu, farin hayaƙi ya fito, ta yi shiru.

Wunin nan ko mota ɗaya ba ta bi hanyar ba. Mutanen ƙauyen suka shimfiɗa wa Alhaji tabarma a inuwar mangwaro, tsohuwar nan ta dama masa kunu, bai iya sha ba. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Don ni ka yi gaggawar, na sani. Ɗauko mini carbina." Bayan la'asar ya cika.

Fulani makiyaya huɗu aka samo daga wata ruga. Da ni, mu biyar muka yi masa salla, mutumin da da a gida ne sai sahu ya fita har kan titi. A can muka binne shi, bayan itacen mangwaron.

Bayan mako guda aka jawo motar zuwa wurin wani tsohon makanike a unguwar Miskin, Kirista ne, abokin Alhaji tun suna samari. Ya buɗe injin ya nuna mini inda ruwan sanyin ya tsaga kan injin. Sannan ya danna fambel, bel ɗin da ke juya fanka da famfon ruwa, ya lotsa kamar igiyar shanya.

Ya ce, "Ciwonta ke nan. Ƙusa ɗaya za ka ɗaure. Da ka jira ta huce, ka ja bel ɗin, ka ba ta ruwa kaɗan-kaɗan tana aiki, da ta kawo ku." Bai zage ni ba. Ya rufe injin ya shiga ciki ya daɗe bai fito ba.

Na san ajali ba ya wuce ranarsa, malamai sun sha gaya mini. Ko da likita ya gan shi, mai yiwuwa ranar ce. Amma masallacin Kuduku da ya roƙa, ƙin zaman rabin sa'a ne kawai ya hana ni kai shi.

Na ci gaba da tuƙi shekaru da yawa. Duk sa'ad da allura ta hau, nakan tsaya, in kashe mota, in nemi inuwa, fasinjoji su yi ta faɗa. Abin da ranar ta koya mini shi ne, lokacin da zuciya ta fi matsa mini in yi sauri, lokacin ne ya fi kamata in zauna.