Mai Hoto da Ma'auni Biyu

Ina jiran motar Sheme a tashar Ƙanƙara, idona na kan wani mai hoto a gindin dalbejiya. Siriri ne, ruwan wankin hoto ya rine masa farce. Ma'aunin haske biyu ne rataye a wuyansa: sabo mai ƙyalli da ke auna rana da wutar kyamara duka, da tsoho ɗaure da roba, wanda rana kaɗai ya sani.

Wani dattijo daga Mabai na zaune gabansa, baƙi wuluk cikin farin rawani. Hoton fasfon Hajji yake so, gobe ake rufe karɓa.

"Malam, na makon jiya an maido mani," in ji dattijon. "Wai rawani suka gani, babu mutum."

"Sabon ma'aunin ne ya bi farin rawanin, Baba," in ji mai hoton.

Mai hoton na cusa sabon a aljihu. Ina jin don idon jama'a ya saye shi. Yana kai tsohon ma'aunin dab da gemun dattijon, yana kallon allurar da ke cikinsa har ta tsaya.

"Kada ka motsa, Baba. Yau kai za ka fito."